Tsananta Biza da Dillalin da Ba Ya Ɗaukar Alhaki: Nazari kan Matsalolin Masu Ƙaura daga Arewacin Nijeriya

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan ƙaura da ci-rani, a Mahuta, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalolin biza da na shige da fice da ke addabar mutanen arewacin Nijeriya da kudancin Nijar masu fita waje neman aiki ko karatu ko ibada. Ta bi sawun hanyoyi uku da suka fi bi: ta Saudiyya, da ta hamada, da ta Birtaniya. Ta nuna cewa duk inda aka ƙuntata halastacciyar hanya alhali dalilin tafiyar yana nan, ƙaramin mai ƙarfi yakan faɗa hannun dillali, kuma dillalin yau ya sha bamban da na zamanin fatake, domin shi ba ya ɗaukar alhakin abin da ya sami wanda ya tura. Maƙalar ta amsa hujjojin masu ja da wannan ra'ayi, ta kuma kawo shawarar a ɗaure dillali da doka ta yadda asarar matafiyi za ta zama tasa.

1.0 Gabatarwa

 Ya dace ƙwarai a yi wannan tattaunawa a kudancin Kogin Kaduna, domin wannan yanki a da shi ne matattarar baƙi masu neman aiki. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, sai matatar mai da ke maƙwabtaka da Mahuta a 1980. Mutane sun yi ta kwararowa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, unguwanni irin su Nasarawa da Makera da Sabon Tasha suka cika suka batse. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, matatar kuwa ta shafe shekaru ba ta tace mai. 'Ya'ya da jikokin waɗanda suka zo ci-rani Kaduna su ne yau suke cike fom ɗin fasfo suna neman inda za su nufa. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me ya sa wahalar biza take faɗa wa talakanmu da nauyin da ya wuce kima, kuma a wace gaɓa ce gwamnatocinmu suke da ikon rage ta? Amsar da zan kare ita ce gaɓar tana tsakanin matafiyi da ofishin jakadanci, wato wurin da dillali yake zaune.

2.0 Daga zamanin madugu zuwa zamanin takarda

Tafiye-tafiye tsohuwar sana'a ce ga Bahaushe. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978 kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna yadda fatake suka kafa zangogi tun daga Gwanja har gaɓar teku. Paul Lovejoy ya yi nazarin ayarin goro da ke zuwa Salaga, Abner Cohen kuma ya yi na unguwar Sabo ta Ibadan. Abin da waɗannan bincike suka haɗu a kai shi ne baƙo ba ya sauka a gari haka nan. Madugu ne ke ja-gorar ayari, ya yi ciniki da sarakunan kan hanya kan fito da kuɗin ƙasa. Idan an isa, akwai maigida ko fatoma wanda zai sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan aka yi ciniki bashi. Wannan maigida dillali ne, yana cin la'ada, amma gidansa sananne ne, sarkin zango ya san shi, kuma ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga ayari isa Kano, kasuwarsa ta mutu. Ribarsa tana ɗaure da lafiyar baƙonsa da dukiyarsa.

Haka hanyar gabas take. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Alhazan ƙasa sukan yi shekaru a hanya, suna noma da ƙwadago a zangogin 'yan'uwansu kafin su tsallaka Bahar Maliya. Zamanin takarda ne ya sauya wannan tsari. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya fice, abin da ya rutsa da mutanen zango da dama waɗanda a can aka haife su. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, fiye da mutum miliyan ɗaya suka bar Nijeriya, akasarinsu 'yan Ghana, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba da damar shiga ba biza na kwana 90. Darasin a fili yake: daga wannan lokaci shaidar maigida da sanayyar maƙwabta sun daina wadatarwa, hatimin hukuma ya zama shi ne mai ceto. Wanda bai iya karanta sharuɗɗan hatimin ba kuwa dole ya nemi mai karanta masa.

3.0 Hanyoyi uku

Hanyar Saudiyya ita ce ta fi daɗewa a jikinmu, kuma a nan ne aikin ejan ya fi fitowa sarari. Bizar Saudiyya kashi-kashi ce: ta Hajji daban, ta Umara daban, ta ziyara da ta aiki kowace da sharaɗinta. Mai zuwa aiki yana ƙarƙashin kafili, iƙamarsa, wato takardar zamansa, tana rataye da sunan wannan kafili, idan ya bar gidan ba izini ya zama mai laifi a idon jawazat, wato hukumar shige da fice, ƙarshensa gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora. Sassaucin da Saudiyya ta yi wa wannan tsari a Maris na 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida ba, su ne kuwa mafi yawan matan da ake ɗiba daga Kano da Katsina da Kaduna. Ejan yakan karɓi kuɗi, ko ya ɗora wa mace bashin da za ta biya da albashin watanni, ya sama mata bizar da ba ta dace da abin da za ta je yi ba. A Nuwamban 2023 wani jirgi ya tashi daga Legas ya biya ta Kano ɗauke da fasinja 264. Da ya sauka Jidda aka soke bizar fasinjojin, daga baya aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177. Bayanin ofishin jakadancin Saudiyya shi ne an ba da bayanan da ba daidai ba don samun nau'in bizar da bai dace da su ba. Wanda ya san yadda ake neman bizar Umara a garuruwanmu ya san ba kasafai matafiyi ke cike fom da hannunsa ba. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da tasarihi, wato izinin aikin Hajji, don haka ba su da tanti mai sanyi ko motar jigila a cikin tsananin zafi. Waɗannan mamata daga ƙasashe da yawa suke, amma salon da ya kai su iri ɗaya ne da wanda ake tallata wa mutanenmu: shiga da bizar ziyara, a laɓe har lokacin Arfa.

Hanyar hamada ta ƙara tabbatar da wannan. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A Mayun 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya, aka kama direbobi a Agadas aka ƙwace motoci. Ayarin da a da yake fita ran Litinin a bainar jama'a tare da rakiyar soja zuwa Dirku ya watse, direbobin da suka rage suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyin da aka sani, kuɗin mota ya ninka, idan kuma suka hango jami'ai sukan zubar da fasinja su tsere. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023. A ɗaya gefen, Aljeriya na ci gaba da kwaso baƙi tana sauke su a dokar daji, su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamaka, kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 a shekarar 2024 kaɗai.

Kada a ɗauka wannan matsalar marasa boko ce. Matasan Mahuta da Barnawa da Narayi masu digiri da takardar aikin jinya sun fi karkata ga Birtaniya, kuma tarkon da ke can bai bambanta ba. A 2022 Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya. Sharaɗinta shi ne kamfani mai lasisi ya ba mutum takardar ɗaukar nauyi, wadda dokar ƙasar ta hana a sayar wa ma'aikaci. Duk da haka dillalai suka mayar da ita haja ta dubban fam, iyaye suka sayar da filaye, yaro ya isa ya tarar babu aikin ko kuwa na sa'o'i kaɗan ne. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000 daga ƙasashe daban-daban. Wanda aka soke lasisin kamfaninsa yakan sami kwana 60 ne kacal ya nemi wani ko ya tattara. A Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu, a Maris aka hana masu kula da tsofaffi, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbin masu kula da tsofaffi daga waje gaba ɗaya. Bizar da ke ɗaure ma'aikaci ga mai gida ɗaya, ko a Riyad ko a Landan, sakamakonta guda ne: wanda aka zalunta yana tsoron kai ƙara, domin ƙarar za ta iya zama sanadin korarsa.

4.0 Raunin da ke gida

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abubuwa uku a gida da suke tura mutum hannun dillali tun kafin ya ga ƙofar ofishin jakadanci. Na farko raunin takardun shaida. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma arewa ce a baya. Mutum yakan girma da takardar rantsuwar kotu a madadin ta haihuwa, shekarunsa a takardar makaranta daban, a lambar NIN daban, a banki daban. Al'adarmu ta jingina suna ga uba ko kaka ko gari takan sa 'yan gida ɗaya su fito da sunayen ƙarshe uku. Jami'in biza ba ya ganin al'ada a nan, saɓani yake gani, saɓani kuwa dalilin ƙi ne. Na biyu tsada. Daga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Kuɗin neman bizar Shengen yuro 90 ne tun Yunin 2024, na ziyarar Amurka dala 185, kuma ba a mayarwa idan an ƙi. A 2024 kusan rabin 'yan Nijeriya da suka nemi bizar Shengen an hana su. Wanda ya san kuɗinsa na iya tafiya a banza zai saurari duk wanda ya ce masa yana da hanya. Na uku nisa da rashin tabbas. Yawancin ofisoshin jakadanci da cibiyoyin ɗaukar hoton yatsa suna Abuja da Legas, ƙa'idoji kuma na sauyawa ba zato: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza daga Oktoban 2022 har Yulin 2024, Amurka kuma a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar ziyara ta shiga ɗaya mai wata uku. Bayanin waɗannan sauye-sauye da Turanci yake fitowa a intanet, ya iso wa mai sauraron Hausa ta bakin ejan, bayan ya rage abin da ya rage ya ƙara abin da ya ƙara.

5.0 Hujjojin masu ja

Hujja ta farko ita ce kowace ƙasa na da ikon zaɓar wanda zai shiga cikinta, kuma mutanenmu ne suka ɓata wa kansu suna da zarce wa'adi, da takardun bogi, da sulalewa daga ayarin masu ziyarar ibada, ko a Makka ko a Urushalima. Wannan gaskiya ne, kuma Nijeriyar da ta yi korar 1983 ba ta da bakin musanta ikon wata ƙasa a kan iyakarta. Sai dai hujjar tana ƙarfafa matsayin wannan maƙala ne. Takardar banki ta bogi da wasiƙar gayyata ta ƙarya ba a gona ake tsintarsu ba, akwai masu buga su, kuma mutum ɗaya yakan buga wa ɗaruruwa. Idan asiri ya tonu, matafiyi ne ake hana wa shiga na shekaru, sunan ƙasa ya ƙara zubewa, mai bugawar ya sauya lambar waya ya ci gaba. Duk mai kishin darajar fasfonmu, wajen wannan mutum ya kamata ya fara nufa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Masu ita suna cewa tsanantawa tana aiki, domin bayan matakan Birtaniya na 2024 yawan masu neman bizar karatu daga Nijeriya ya faɗi ƙwarai. Haka ne, ko da yake faɗuwar naira daga wajen 460 a kan dala kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024 tana da nata kason. Amma a duba wanda tsanantawar take tsayarwa. Mai albashi da zaɓi yakan fasa ko ya juya zuwa wata ƙasa. Bazawarar da ke da marayu, da magidancin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Birnin Gwari ko ƙauyukan Chikun, ba su da abin komawa, don haka ƙarin tsanani a wurinsu ƙarin farashin dillali ne kawai. Ƙididdigar ofishin jakadanci tana lissafa masu neman biza, ba ta lissafa waɗanda suka daina nema suka hau motar Agadas.

Hujja ta uku tana cewa a gyara gida kowa ya zauna, a kuma hana ƙwararru fita, kamar ƙudurin da aka kai Majalisar Wakilai a 2023 na tilasta wa likitoci aikin shekara biyar kafin cikakken lasisi, da ƙa'idar da hukumar ma'aikatan jinya ta fitar a Fabrairun 2024 ta shekara biyu kafin tantance takardu. Babu mai musun cewa farfaɗo da masana'antu da tsaro su ne maganin asali, kuma ƙarancin likitoci a asibitocinmu abin tayar da hankali ne. Amma wannan aikin shekaru ne, mutane kuwa gobe da safe za su kama hanya. Ƙara shinge daga gida ƙara wa dillali wata haja ce da zai sayar. Ƙasar da 'ya'yanta na waje ke aiko mata da kimanin dala biliyan 20 a shekara, bisa alƙaluman Bankin Duniya, ba ta da hujjar cin moriyar ƙaura ta kuma yi watsi da mai ƙaura. Akwai kuma masu ganin wayar da kai ya isa. An daɗe ana yin sa a rediyo da masallatai da majami'u, yana da amfani, amma gargaɗin da bai zo da hanya mai kyau ba bai cika rinjayar yunwa ba.

6.0 Shawarwari da kammalawa

Akwai ƙasar da ta gwada abin da nake kira gare shi. Filifin ta kafa hukumar kula da aikin ƙetare a 1982, dokarta ta 1995 kuma ta ɗora wa kamfanin da ya tura ma'aikaci alhaki ɗaya da na wanda ya ɗauke shi a waje. Idan an hana ma'aikaciya albashi a Jidda, tana iya ƙarar ejan ɗinta a Manila, a biya ta daga kuɗin ajiyar da ya bayar kafin a ba shi lasisi. Tsarin bai kawar da zalunci ba, amma ya maido da abin da fatakenmu suka sani, wato dillali mai adireshi wanda zai yi asara idan baƙonsa ya yi. Nijeriya ba daga tushe za ta fara ba. Dokar ƙwadago ta riga ta wajabta lasisi ga masu ɗibar ma'aikata, akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tun 2003, akwai manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikata ta 2014, akwai hukumar NAHCON mai ba kamfanonin Hajji da Umara lasisi, akwai kuma cibiyoyin ba masu ƙaura shawara da aka fara buɗewa a Abuja da Legas da Benin.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu. Majalisar Tarayya ta gyara doka ta yadda duk wanda ya karɓi kuɗi don sama wa wani biza ko aiki a waje zai ajiye kuɗin jingina, a rubuta sunansa a kan kowace takardar da ya cike, ya kuma biya diyya idan aka juyo da matafiyi saboda bayanin da shi ya shigar. Ma'aikatar ƙwadago da NAHCON su riƙa karanta sunayen masu lasisi da waɗanda aka soke wa da Hausa a Rediyon Tarayya na Kaduna da sauran tashoshi, domin a nan ne jama'armu suke. Gwamnatin Jihar Kaduna ta buɗe cibiyar shawara kyauta a kowane ɓangare na kogi, inda mutum zai kai takardar tayin aiki a duba masa kafin ya sayar da filinsa, a kuma daidaita masa sunansa da shekarunsa. Sannan gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa da tura 'yan aikin gida kowace ƙasa sai da yarjejeniyar da ta fayyace albashi, da haƙƙin riƙe fasfo, da damar sauya mai gida.

Ba mu da iko a kan hukuncin jami'in biza a Landan ko Riyad ko Washinton. Amma ejan ɗin da ke karɓar kuɗi a Kaduna da Kano da Maraɗi yana ƙarƙashin dokokinmu da kotunanmu. Ina kira ga 'yan majalisarmu, da sarakuna, da limamai da fastoci, da malaman jami'o'in da ke wannan zaure, da su haɗa murya a kan wannan buƙata guda: duk wanda ya ci la'adar tafiyar ɗan wani, doka ta tilasta masa ɗaukar alhakinta har ya dawo gida.